Wa ke bin wa? Yadda ake ɗora kiɗan okestira a kan fim

Ɗan ƙanwata yana da ɗan situdiyo a unguwar Nima da ke Accra. Ɗaki ɗaya ne, an manna wa bangonsa soso da kwalin ƙwai, sai kwamfuta da fiyano da makirfo biyu. Waƙoƙin biki ne abincinsa, sai tallar masu maganin gargajiya, sai kuma 'yan takara idan zaɓe ya matso. Kwanakin baya wani darakta ya kawo masa fim ɗin Hausa da aka ɗauka tsakanin Mamobi da Madina, ya ce yana son kiɗan ƙarƙashi "irin na Turawa, mai tayar da tsikar jiki". Yaron ya kwana yana kallon bidiyon okestira, wato babban taron makaɗa irin na Turawa, a YouTube, da safe ya tare ni wajen mai koko.

"Kawu, mutum tamanin ne a zaune, kowa da abin ji a kunne ɗaya, ga wani tsaye da sanda yana kallon majigi. Wai wa ke bin wa?"

Tambayar ba ta amsuwa a tsaye da ƙosai a hannu.

A wurin biki a zango, makaɗi idonsa na kan ƙafar mai rawa, ita kuma kunnenta na kan gangarsa. In ta ƙara wuta ya ƙara, in ya sassauta ta sassauta, har ba ka iya cewa ga mai ja ga wanda ake ja. Hausawa suka ce in kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. To a fim maganar juyewa take yi. An riga an yi rawar, an ɗauka, an yanyanka, an jera. Hoto 24 ne ke wucewa a kowace daƙiƙa, kuma fim kurma ne, ba ya jin makaɗi balle ya jira shi. Jaruma za ta buɗe ƙofa a daƙiƙa ta 40, ko makaɗa sun iso ko suna hanya. Duk tarkacen da yaron ya gani, abin kunne da majigi da tulin takardu, an ƙirƙiro su ne don mutum tamanin masu numfashi su isa ƙofar nan tare da ita.

Aikin yana farawa tun babu makaɗi ko ɗaya a wurin. Darakta da mai tsara kiɗa za su zauna su kalli fim ɗin daga farko, suna tsayar da shi suna gardama: nan kiɗa zai shiga, nan zai fita, nan a bar shiru ya yi aikinsa. Akwai mutum na uku a gefe, editan kiɗa, yana rubuta lokacin kowane wuri har zuwa kan hoto guda. Kowane guntun kiɗa yana samun lambarsa, irin 1M1 ko 3M7, wato faifan fim na nawa da kiɗa na nawa a cikinsa. Wani guntun daƙiƙa goma ne, wani minti shida. Da wuya darakta ya san harshen kiɗa, kuma gwanayen masu tsarawa ba su cika son ya gwada ba. Gara ya ce musu "a nan matar ta san ƙarya yake yi, amma ba ta son ya gane ta sani" da ya ce "a sa goge". In ya faɗi halin da matar take ciki, su suka san kayan kiɗan da zai ɗauke shi.

Akwai ƙaya ɗaya a wannan zama. Edita, lokacin da yake haɗa hotuna, yakan ɗauko kiɗan wasu finafinai ya manna na wucin gadi don ya ji tafiyar fitowa. Darakta sai ya yi wata da watanni yana kallon fim ɗinsa da wannan kiɗan aro, kunnensa ya saba, ya ji kamar tare aka haife su. Ranar da sabon kiɗa ya zo sai ya ji shi bambaraƙwai. An ce zanen aro ba ya rufe katara, amma a 1968 ya rufe. Stanley Kubrick ya sa Alex North ya rubuta wa fim ɗinsa 2001: A Space Odyssey kiɗa, aka tara okestira a Ingila aka naɗa, daga baya ya ture shi gefe ya bar tsofaffin kiɗe-kiɗen da ya ara. North bai san an yi ba sai da ya zauna kallon fim ɗin a New York. Daraktan da ya zo wa yaronmu shi ma da nasa aron ya zo a waya, kiɗan wani fim ɗin Indiya, ya ce, "Kamar wannan, amma kada ya zama shi."

Mai tsara kiɗa a ƙarshen layi yake zuwa, lokacin da kuɗi sun ja baya kuma an riga an sa ranar fitar fim. Makonni ne a hannunsa. A yau kusan kowa a kwamfuta yake farawa, da sautukan kayan kiɗa na gaske da aka naɗa ɗaya bayan ɗaya ana sayarwa. Da su zai haɗa samfur, darakta ya saurara ya amince ko ya ce a sake, domin ba furodusan da zai yarda a gano darakta ba ya son kiɗa a ranar da makaɗa suke zaune ana ƙirga musu awa. John Williams, shahararren mai tsara kiɗan fim, na cikin ƙalilan da suka tsaya a kan fensir da takarda da fiyano.

Ga lissafin da na zana wa yaron a bayan takardar kuɗin wuta. A ce fitowar ita ce mace ta sauka daga tirotiro, ta ratsa lungu, ta buɗe ƙofa daidai daƙiƙa ta 40. Mai tsarawa ya zaɓi gudun bugu 120 a minti, wato bugu biyu a daƙiƙa. Minti ɗaya hoto 1,440 ne, in ka raba shi 120, kowane bugu ya ci hoto 12. Daƙiƙa 40 bugu 80 kenan, in aka kasa su huɗu-huɗu an samu gida 20. Saboda haka ƙofar za ta buɗe a kan bugun farko na gida na 21, inda kiɗa ya fi nauyi, nan za a saki tambura. Komai ya zauna daram.

Sai edita ya duba ya ga tafiyar lungun ta yi tsawo, ya cire rabin daƙiƙa. Hoto 12 ne kacal, mai kallo ba zai taɓa lura ba. Amma ƙofar ta matso da bugu ɗaya, tambura za su faɗo bayan matar ta riga ta shige. Yanzu ko dai a mayar da ɗaya daga cikin gidajen mai bugu uku, ko a ɗaga gudun zuwa wajen 121 da rabi. Shi ya sa takardar kiɗan fim take cike da gidaje masu bugu uku da biyar a wuraren da kiɗan shi kansa bai nema ba. Tabon almakashin edita ne.

Wannan gudun ne ake mayarwa ƙas-ƙas-ƙas a aika shi kunnen kowane makaɗi, kuma shi ne abin da ke cikin abin kunnen nan. Kunne ɗaya suke rufewa don ɗayan ya ji kayan kiɗansa da na maƙwabcinsa, in ba haka ba sauti ya karkace ba su sani ba. Dabarar tsohuwa ce. Tun shekarun 1930 mai tsara kiɗa Max Steiner da masu yi wa katun kiɗa suke aiki da ita, a lokacin ramuka ake hudawa a jikin fim bisa tazarar da aka ƙidaya, duk ramin da ya gifta ta gaban na'urar karanta sauti sai ya ba da ƙas.

Sai dai ƙas-ƙas yana sandarar da kiɗa. Ya dace da fitowar gudu da faɗa, amma kiɗan baƙin ciki yana son ya ja numfashi, ya daɗe a nan ya yi sauri a can. Don haka akwai hanya ta biyu, wadda ake dangantawa da Alfred Newman, shugaban kiɗa na kamfanin 20th Century Fox. Ana kankare layi a karkace a jikin fim, tsawon ƙafa uku. Fim mai faɗin milimita 35 yana gudun ƙafa 90 a minti, ƙafa uku daƙiƙa biyu kenan. A majigi sai ka ga wata sanda a tsaye ta taso daga hagu tana tafiya dama, tana kaiwa ƙarshe haske ya yi walƙiya ta ramin da aka huda. Mai jagorantar makaɗa ya samu daƙiƙa biyu na gargaɗi, tsakanin wannan alama da ta gaba kuwa linzami na hannunsa. Yau kwamfuta ce ke zana layin, amma fasalin bai sauya ba. Mai jagorantar makaɗan nan ni madugu nake ce masa, don aikinsa bai da maraba da na madugun fataken goro masu zuwa Salaga: shi ya san inda za a yada zango da lokacin da ya wajaba a isa, yadda za a taka a tsakani kuma shi zai duba ayari ya yanke.

Tsakanin kwamfutar mai tsarawa da hannun makaɗi akwai mutanen da sunayensu ke wucewa a ƙarshen fim lokacin da kowa ya miƙe yana neman takalminsa. Na farko shi ne mai rabon kiɗa, wanda ke karɓar samfur ya raba wa kowane kayan kiɗa rabonsa. Aiki ne na sanin jikin mutum. Kwamfuta za ta riƙe sauti ɗaya minti guda ba ta haki, mai busa sarewa kuwa dole a bar masa inda zai shaƙi iska. Goge na da iyakar inda yake sauka, ƙaho na da inda in aka kai shi leɓen mai busawa zai gaji kafin azahar. Ga kuma awon ƙarfi: a cikakkiyar okestira masu goge da 'yan'uwansa manya sukan kai 60, goge na farko 16, na biyu 14, sai 12 da 10 da 8 yadda kayan ke ƙara girma da kaurin murya, alhali masu kakaki uku ne ko huɗu, kuma in suka buɗe ƙirji sai su danne sittin ɗin nan. Daga hannunsa sai masu kwafi, su fitar wa kowane makaɗi tasa takardar, har su duba inda zai juya shafi don kada ya faɗo a lokacin da hannayensa biyu ke aiki. A ce fim na da guntu 40 kuma ana fitar da takarda iri 50 ga kowanne, takarda 2,000 kenan, kuma sau da yawa a daren jajibiri ake gama buga na ƙarshe.

Mu da muka tashi da finafinan Indiya mun daɗe muna cin aikin irin waɗannan mutane ba mu san su ba. Tarin gogen nan da ke kuka bayan jaruma a tsofaffin finafinan Bombay, da yawa daga cikin masu rubuta shi da masu kaɗa shi Kiristocin Goa ne, waɗanda suka koyi rubutun kiɗan Turai a makarantun coci tun zamanin mulkin Fotugal. Babban mai kiɗa ya rera, su su mayar da shi takarda.

Ranar naɗi ana sayen makaɗa ne zama-zama, kowane zama yawanci awa uku. Abin da ya fi ba yaron mamaki shi ne ba su taɓa ganin takardar ba sai da suka zauna. Babu bita ta mako guda. Mai busa wata 'yar'uwar algaita ya ba da sauti ɗaya, kowa ya daidaita kayansa a kai, madugu ya ɗaga sanda, su karanta su kaɗa a lokaci guda kamar alaramma da aka miƙa wa allon da bai taɓa gani ba. A gwada sau ɗaya ko biyu, a kunna jar fitila, a ɗauka. Mutum 80 a awa uku, awa 240 ce ta aikin ƙwararru ake biya. In mai kwafi ya yi kuskuren sauti ɗaya aka ɓata minti goma ana neman inda yake, an ƙona minti 800, fiye da awa 13. Shi ya sa ake farawa da guntayen da ke buƙatar kowa da kowa, a sallami masu ƙaho da ganguna, a ƙarasa ƙananan da 'yan goge kaɗan.

Mai tsara kiɗan sau da yawa ba shi ke riƙe sandar ba. Yana bayan gilashi tare da darakta da injiniyan sauti, yana jin abin da makirfo ke ji, wanda ya sha bamban da abin da kunne ke ji a cikin zauren. Darakta ya sunkuyo ya ce kiɗan ya tona asirin abin da zai faru da wuri. Mai tsarawa ya danna maɓalli ya ce, "Daga gida na 14 zuwa na 18 masu ƙaho ku huta, sarewa ta ɗauka ita kaɗai." Fensira su yi motsi, a sake ɗauka. Wannan shi ne abin da kwamfuta ba ta ba ka: ka ce wa mutum sittin "ku yi shi kamar kuna tsoron tada mai barci", su gane, su yi a take. Kuma ɗauka mai kyau takan lalace saboda kujera ta yi ƙara, ko takarda ta yi kwaram, ko cikin wani ya yi kuka a wurin da kiɗa ya yi ƙasa.

Shi kansa ɗakin kayan kiɗa ne. Babban zauren situdiyon Abbey Road a Landan, wanda aka buɗe a 1931, yana ɗaukar makaɗa fiye da 100, kuma amon bangonsa na cikin abin da ake biya. AIR Lyndhurst, shi ma a Landan, tsohon coci ne. Sama da kan madugu akan rataye makirfo uku a jere mai kusurwa, tsarin da injiniyoyin kamfanin Decca suka fito da shi a shekarun 1950, su ne ke ɗaukar okestira a dunƙule. Sauran makirfofin kusa da kowane rukuni na ƙarin gishiri ne. Yanzu an fi yawan ɗaukar rukuni-rukuni, masu goge da safe, masu ƙaho da yamma, ganguna daban, don in edita ya sake taɓa fim a iya rage wannan a bar wancan. Ni dai a kunnena ana asarar wani abu, domin mai goge da ke jin ƙaho a bayan ƙeyarsa ba ya kaɗawa kamar wanda ke jin ƙas-ƙas kawai. Amma furodusa ya fi son abin da zai iya warwarewa.

Batun inda ake zuwa naɗi kuwa kuɗi ne. A Los Anjeles yarjejeniyar ƙungiyar makaɗa ta tanadi a ci gaba da ba su wani kaso in fim ya ci kasuwa bayan sinima. A Landan da Firag da Budafes da Biyana akan biya sau ɗaya a rabu. Yau mai tsarawa yana iya zama a ɗakinsa a wata nahiya yana sauraron okestirar Budafes ta intanet yana ba da umarni.

To ina gangarmu take shiga? Misalin da na ba yaron shi ne Black Panther na 2018. Mai tsara kiɗansa, Ludwig Göransson, bai fara da okestira ba. Senigal ya tafi, ya bi mawaƙi Baaba Maal yawon wasa, ya naɗi makaɗan can, ciki har da masu tama, 'yar'uwar kalangu, wadda a nan ake ce wa dondo. Tamar ce ke kiran sunan sarkin a fim ɗin, yadda kalangu ke yi wa mutum take a gidan biki. Bayan nan ne aka gina okestira a kan abin da ya naɗo, aka ɗauka a Abbey Road, kiɗan kuma ya ci kyautar Oska a 2019. A ganina jerin ne ya yi daidai. Kalangu magana yake yi, yana bin hawa da saukar harshe, in ka rubuta masa gidaje huɗu-huɗu ka ce ya shiga ciki, ka mayar da shi gwangwani.

Ko bayan an gama duk wannan, akwai zaman ƙarshe inda ake haɗa kiɗa da maganar 'yan wasa da ƙarar mota da ruwan sama. Magana ce sarauniya a wurin. Guntun da aka kwana uku ana rubutawa yana iya komawa can ƙasa da ƙarar injin, ko a cire shi ɗungurungum.

A Accra ba makaɗa muka rasa ba. Ƙasar nan tana da okestira ta ƙasa tun 1959, wadda Philip Gbeho, mai kiɗan taken Ghana, ya kafa a zamanin Nkrumah, kuma mazauninta na babban gidan wasan kwaikwayo na ƙasa da aka buɗe a 1992. A 1988 Nana Danso Abiam ya kafa Pan African Orchestra da kayan gida, sarewar gora ta atenteben da gyil mai jerin katakai da ake bugawa da goge irin namu, ya nuna ana iya zaunar da su sahu-sahu su yi aiki tare. Makarantar koyon fim ta NAFTI kuwa tun 1978 aka kafa ta. Abin da ke kashe mu shi ne furodusa ya kashe kuɗinsa kaf a kan kyamara da 'yan wasa da motocin haya, sannan ya tuna da kiɗa ana saura kwana uku. Daga Kumasi har zangunan Accra, yawancin abin da ake ji a ƙarƙashin fim fiyano ne, ko kiɗan wani da aka ɗauko ba sallama. Kuma ba a cika rubuta takardar jerin kiɗan da ke cikin fim ba, wadda da ita ce hukuma irin GHAMRO, mai karɓar wa masu kiɗa haƙƙinsu, za ta san wanda za a biya in an haska shi a talabijin.

Na ce wa yaron ya manta da mutum tamanin. Ya shimfiɗa gogensa na kwamfuta a ƙasa, ya ɗora mai rai ɗaya ko biyu a sama, kunne zai bi mai ran ya yafe wa sauran. Sai ya je Sabon Zango ya ɗauko wani dattijo mai kalangu da ya yi wa iyayenmu kiɗan aure.

Ina wurin ranar. Yaron ya sa masa abin kunne, ya saki ƙas-ƙas. Baba ya saurara kamar bugu takwas, ya zare abin ya ajiye a kan gwiwarsa.

"Ɗana, wane ne wannan yake ƙwanƙwasa mini a kunne? Ba shi da hannu."

"Baba, na'ura ce, ita za ku bi."

"In bi ta ina? Ita ba ta san inda za ta ba. Juyo mini da akwatin in ga yarinyar."

Aka kashe ƙas-ƙas, aka juya masa fuskar kwamfutar. Ya kalli matar tana ratsa lungu sau uku bai taɓa fata ba. A na uku ya ce tana jan ƙafar hagu, kuma ta ɗan tsaya wajen kwata kafin ta ƙarasa. Ya gyara kalangu a hammata, ya matse tsirkiya, ya bi sawunta. Ɗauka ta farko ya riga ta isa. Ta biyu, hannunta na taɓa ƙofar, ya sauke bugun a kai, har yaron ya yi ihu ya ɓata wutsiyar sautin, sai da aka sake ta uku. Aka ba Baba sidi ɗinsa da na mota, ya hau tirotiro.

Bayan la'asar saƙon murya ya shigo ta WhatsApp daga darakta. Ya ce ya sake kallo, tafiyar lungun ta yi masa tsawo, ya ɗan rage ta, ba wani abu mai yawa ba. Yaron ya buɗe sabon fayil ɗin ya ƙidaya. Hoto 30 aka cire, kuma tsayawar nan ta bakin kwata tana cikinsu. Ya kira Baba a waya, Baba ya ce Alhamis yana da suna a Madina, sai dai Juma'a bayan masallaci.